Tambarin kasuwar masu sana'ar hannu a Sakkwato: wa ya kamata a fara tambaya?

Ɗan Rijiyar Ɗorawa ya rubuta:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Ina neman shawarar waɗanda suka fi ni sanin gari da sanin kasuwa a kan wani al'amari da ya tsaya mini a rai tun makon jiya. Ni mai zane ne a kwamfuta, da shi nake ci nake sha: katin biki, allon shago, fosta da tambarin ƙananan kamfanoni. Watanni uku da suka wuce, mu wasu matasa muka yanke shawarar kafa kasuwar baje koli da za ta riƙa ci sau ɗaya a wata, inda dukawa da masu ɗinkin hula da masu kilishi da masu zayyana da masu ɗaukar hoto za su haɗu wuri guda, domin baƙon da ya zo ziyarar Hubbaren Shehu ko ya zo taro a jami'a ya san inda zai nufa ya sayi tsaraba, ba sai an yi ta yawo da shi lungu-lungu ba. Burinmu na nesa shi ne duk wanda ya ji an ambaci Sakkwato ya tuna da aikin hannunta kamar yadda yake tunawa da tarihinta.

Aikin tambari da take ni aka ɗora wa. Na yi kusan mako uku ina fama, har na fitar da zanen jar akuya tana tsaye a bakin ƙofar gari, da ɗan gajeren take na Turanci a ƙasa. Abokan tafiyata duk sun yaba. Ranar Asabar na ɗauki kwamfutata na nufi shiyar dukawa cike da murna, na buɗe ta a wani zaure inda dattawa huɗu ke aiki. Babbansu ya ajiye basilla, ya goge hannunsa a gefen riga, ya daɗe yana kallon zanen, sannan ya ce: "Zanen ga ya yi kyau, yaro. Amma wa anka tambaya kahin a yi shi? Sunan da kaka son saidawa, ga hannunmu ka ishe shi." Daga nan ya ɗauki basillarsa ya ci gaba da ɗinki, sauran ma ba wanda ya ƙara ɗaga kai. Har yau mutum biyu kawai daga cikinsu suka yarda a rubuta sunansu, su ma ina zaton don kunyar mahaifina ne.

Tambayata ita ce: shin mu jefar da tambarin mu koma farko, ko mu ci gaba da fatan idan kasuwa ta fara ci za su biyo baya? Idan kuma za a koma farko, ta yaya ake shigo da masu ruwa da tsaki cikin irin wannan aiki ba tare da ya zama taro bayan taro har gwiwar kowa ta yi sanyi ba? Sannan tunda jiharmu tana da takenta na Cibiyar Daular Usmaniyya, akwai laifi idan kasuwa ta nemi nata sunan daban?

Malamin Dundaye ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Dattijon nan ya ba ka a jumla biyu abin da mu malaman jami'a muke shafe zango guda muna ƙoƙarin fahimtar da ɗalibai, don haka kada ka ɗauki maganarsa a matsayin kora.

Akwai bambanci tsakanin tambari da suna. Tambari zane ne, ana iya yin sa cikin dare ɗaya, a sauya shi gobe. Suna kuwa shi ne abin da ke zuwa zuciyar mutumin Ibadan ko na Yamai idan an ambaci garinku, kuma wannan abu ne da ayyukan mutanen gari suka tara tsawon zamani, ba mai zane ba. Baturen Ingila Simon Anholt, wanda ya fara yayata maganar gina sunan ƙasa kamar yadda ake gina sunan haja a 1996, shi da kansa ya dawo yana nanata cewa ana auna ƙasashe da birane ne da abin da suke aikatawa, talla ba ta saya musu mutunci. Mu ma a Nijeriya mun gani da idonmu. A 2004 an ƙaddamar da shirin da daga baya ya kira ƙasar Zuciyar Afirka, a 2009 kuma marigayiya Dora Akunyili ta zo da taken mutanen kirki, ƙasa mai girma. An kashe kuɗi, an buga alluna, amma da wuya ka sami ɗan kasuwa a Kara ko Tsohuwar Kasuwa da zai ce maka ɗaya daga cikin biyun ya ƙara masa ciniki ko na sisin kwabo, saboda daga sama aka sauko da su, ba a cikin rumfarsa aka haife su ba.

Ko a ƙasashen da ake ganin sun ƙware, abin yakan juya. Birnin Amstadam na ƙasar Holan ya kafa wasu manyan haruffa ja da fari ɗauke da takensa tun 2004, suka zama wurin ɗaukar hoto na baƙi, har cunkoso ya ishi mazauna, majalisar birnin ta sa aka ɗauke su daga gaban babban gidan tarihi a Disambar 2018. Tambarin ya yi nasara wajen baƙo, ya faɗi wajen mai gida. Gilasgo ta Sikotland kuwa, a 2013, sai ta fara da tambayar jama'a abin da ya sa birninsu ya zama abin so, amsar da ta fi yawa ita ce mutanensa, daga nan aka ciro take mai cewa mutane ne Gilasgo. Ban ce tambayar jama'a tana warkar da kowace cuta ba, amma mutum ba ya saurin yar da abin da bakinsa ke ciki.

Yanzu bari in dawo gida, domin jar akuyar da ka zana tana ɗauke da darasin da ya fi duk waɗannan. Fatar jar akuyar ƙasar nan ta yi ɗaruruwan shekaru tana ratsa Sahara a kan raƙuma zuwa Arewacin Afirka, daga can ta shiga Turai, inda masu ɗaure littattafai suka riƙa neman ta saboda laushinta da ƙarkonta. Da wane suna suka san ta? Fatar Maroko. Makiyayi a nan, majemi a nan, suna a can. Wato ciwon Sakkwato a wannan fanni ba rashin abin nunawa ba ne, a'a, aiki ne ke fita ba tare da sunan mai shi ba. To ka ga idan kai ma ka zo da tambarin da ba su san lokacin da aka yi shi ba, ka ce a manna a kan jakunkunansu, a idon dattijon nan ba ka da bambanci da fataken da suka gabace ka, sai dai kai ɗan gida ne.

Shawarata, ka ɗauki abin kamar aikin gayya. Mai gayya ba ya nome gonar sannan ya kira mutane su zo su yaba. Yakan sanar tun da wuri, kowa ya zo da fartanyarsa, kuma kowa ya san ranar da za a zo tasa gonar. Ka ajiye zanenka a aljihu, kada ka goge shi. Ku fara da tambayar kowane rukuni me yake so baƙo ya sani game da aikinsa, da me ba ya so a yi da sunansa. Game da taken jiha, ban ga karo ba. Taken jiha inuwa ce babba, kasuwa tana iya kafa rumfarta a ƙarƙashinta, kamar yadda marinar Ƙofar Mata take da sunanta a cikin Kano ba tare da ta rage wa Kano komai ba.

Jikan Baduku ya amsa:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa, Allah ya ƙara ilimi. Ni ba ni da karatun da zan kawo misalin Turai, amma a zauren dukanci na tashi, kuma ina jin na san abin da ke cikin zuciyar dattijon da ya mayar maka da magana, ɗan'uwa.

Ba kai ne na farko da ya shigo zauren da kwamfuta ko kyamara ba. Ina yaro wasu jami'ai suka zo wurin mahaifina, suka ce za a kai kayan Sakkwato wani babban baje koli a wajen jiha. Ya ba su tumtum biyu da gafaka da jakunkunan mata da ya shafe fiye da wata yana yi, suka ɗauki hotonsa yana riƙe da su, suka rubuta sunansa a takarda. Hoton mun gan shi daga baya a kalanda. Kayan kuwa ba su dawo ba, kuɗinsu ma bai zo ba, duk sintirin da ya yi sai a ce masa wanda ke riƙe da fayil ɗin an yi masa canjin wurin aiki. Kusan kowane zaure yana da labari irin wannan. Saboda haka idan baduku ya ji kalmar "tallata Sakkwato", abin da kunnensa ke ji shi ne wani zai ci abinci da guminsa.

Abu na biyu, ku masu zane kuna kallon jaka bayan ta gama haɗuwa, ba ku ganin hannayen da ta ratsa. Kafin fata ta iso gaban baduku, mahauci ya feɗe ta, kuma idan wuƙarsa ta yi mata ƙwarzane to ta tashi daga sahun farko. Majemi ya jiƙa ta, ya tuje gashin, ya kankare, ya tsoma ta cikin ruwan bagaruwa tana kwanaki, ya shafe ta da mai, ya yi ta murza har ta yi laushi. Jan launin nan da ake so, na asali daga karan dafi ake samun sa. Majemin nan ba wanda ke ɗaukar hotonsa saboda warin wurin aikinsa, alhali idan ya yi ha'inci a jima, jakar za ta fara tsagewa ko ta yi ɗoyi da damina komai kyan ɗinkinta. A lissafin masu ruwa da tsakin da ka kawo ban ga majema ba, ban ga mahauta ba, ban ga dillalan fata ba. Su ne kuwa ke yanke ko fata mai kyau za ta tsaya a gari ko za ta wuce masana'antun Kano, daga can a yi Italiya da Sifen da ita, mu a bar mu da ragowa.

Na uku shi ne wanda ya fi damuna, kuma shi ne tambayar da za su yi maka idan suka saki jiki: wa ke da ikon manna tambarin nan? A yau akwai masu sayo ledar roba mai kama da fata, su ɗinka takalmi da jaka, su sayar wa baƙo da sunan fatar Sakkwato a rabin kuɗi. Baƙo ya kai gida, bayan wata biyu ta fara ɓarewa, ya ce ai kayan Sakkwato ke nan. Idan tambarinku sitika ne da kowa zai iya bugawa a shagon buga takardu, to kun ba mai roba riga ne ya shiga sahu, kuma dattijon da ya shekara arba'in yana kare sunansa zai ga an haɗa shi layi ɗaya da shi. Ni da za a ji tawa, hatimi na ƙarfe za a ƙera wanda ake dannawa a jikin fatar, ya zauna a hannun shugabannin sana'a, ba a danna shi sai an duba kayan, sannan a gefensa a bar wurin alamar wanda ya ɗinka. Maƙwabtanmu na Nijar sun yi irin wannan da albasar Galmi da kilishinsu, inda aka yi musu rajista a hukumar OAPI mai kare haƙƙin mallakar fasaha ta wasu ƙasashen Afirka, mai mazauni a Yawunde, aka rubuta ƙa'idar yadda ake samar da su da yankin da suke fitowa. Nijeriya ba ta cikin wannan hukuma, amma ba abin da ya hana ƙungiyar sana'a ta rubuta ƙa'idarta ta tsare ta. Garin Bida ma da ya shiga jerin biranen fasaha na UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a 2021, maƙeran tagulla da masu narka gilashi da suka riƙe sana'arsu a unguwanninsu ne suka kai shi, ba zane ba.

Idan za ka koma, kada ka tafi da kwamfuta, kada kuma ka tafi kai kaɗai. Ka nemi babba ya yi maka iso wurin shugabannin sana'ar, domin dukawa da majema suna da manyansu da ake jin maganarsu. Ka je bayan la'asar lokacin da aiki ya lafa, ka zauna a tabarma, ka tambayi kuɗin fata a bana. A nan za a fara gaya maka gaskiya.

Maman Nana, Mabera, ta amsa:

Sannunku da ƙoƙari. Ɗana mai tambaya, na karanta jerin waɗanda kuka gayyata, na karanta ƙarin da ɗan'uwana Jikan Baduku ya yi, har yanzu ban ga mace ko ɗaya ba, alhali rabin abin da baƙo zai saya a kasuwar taku daga cikin gidaje zai fito. Hular da za a baje wa ke zama da zare da allura tana ɗinka ta tsakanin girki da raino? Turaren wuta, dambun nama, alkaki, nakiya, faifai da adudu, duk aikin matan da ba za ka taɓa gani a zaure ba. Ni shekara tara ke nan ina haɗa turare ina sayarwa, yawancin cinikina ta WhatsApp ne, ɗan kabu-kabu ke kai wa masu saye, kuma akwai mata fiye da goma da nake karɓar kayansu ina haɗawa da nawa.

Ku maza idan kun ce an tuntuɓi kowa, abin da kuke nufi shi ne an kira taro a wani ɗaki da ƙarfe goma na safe, wanda ya zo ya zo. Matar da ke cikin gida ba za ta zo ba, ko mijinta ya bar ta lokacin ɗora tukunya ne, idan ma ta zo ba za ta ɗaga murya a gaban dattawa ba. Wannan matsala kuwa an warware ta a garin nan tun kafin a haifi kakanninmu. Nana Asma'u 'yar Shehu, da ta so ilimi ya kai ga matan ƙauyuka, ba ta ce su taru a fada ba. Ta naɗa jajis, mata dattijai amintattu, ta ba kowace malfa da jan rawani a matsayin shaida, su ke zuwa su karɓi karatu su koma su isar, su kuma kawo mata tambayoyin waɗanda ba su iya fitowa. Tsarin 'Yan Taru ke nan. Me zai hana ku nemi mace ɗaya amintacciya a kowace shiya, ta zagaya gidaje ta ji ra'ayi, ta zo ta faɗa da bakin mutum ashirin?

Da an tambaye mu, ga irin abin da za a ji. Za mu tambayi inda mace za ta yi alwala ta yi salla, da ko akwai bayi mai ƙofa. Za mu tambayi inuwa, domin wanda ya san zafin Afrilu da Mayu a Sakkwato ya san turare da man shafawa ba sa jure rana, mai sayarwa ma haka. Za mu nemi a keɓe wa mata sashe domin wadda mijinta ke da kishi ta samu ta zo. Za mu kuma tambayi ko wadda ba ta fita za ta iya aiko da kayanta a sayar da sunanta, ba da sunan mai rumfa ba, don kada 'yan mata su koma talla da sabon salo.

Sannan, ɗana, kada ka ji haushi, amma ni ba zan manna hoton akuya a kwalbar turarena ba. Mai saye yana buɗe kwalba yana neman ƙamshi, ido kuma ya faɗa kan akuya! Ga dukawa ta dace ƙwarai. Da ka nuna wa mace ɗaya zanen nan kafin ka kammala, da ta gaya maka wannan cikin minti guda.

Tsohon Sakataren Kasuwa ya amsa:

Na ji daɗin bayanan da suka gabata, sai dai ina so in ɗan ja birki, domin na yi shekaru ina rubuta bayanan taron 'yan kasuwa, na kuma ga yadda kyakkyawar niyya ke mutuwa a kan benci. Yaro ya yi tambaya mai muhimmanci da ba wanda ya amsa masa: yaya za a hana abin zama taron tsintsiya ba shara? Malam ya ce a tambayi kowa, Jikan Baduku ya ƙaro majema da mahauta, Hajiya ta ƙaro matan gida, duk daidai ne. Amma idan ba a faɗa tun ranar farko wane abu ne jama'a za su yanke, wane ne kuma aka wakilta wa mutum uku ko biyar ba, za ku shekara kuna gardama kan launin allo. Ƙa'idar inganci, kuɗin rumfa, ranar cin kasuwa da wanda zai riƙe asusu, waɗannan na kowa ne, a yanke su a bainar jama'a a rubuta. Kaurin layi da irin haruffa kuwa aikin mai zane ne, kamar yadda ba wanda zai koya wa baduku riƙon basilla.

Kuma ku sani ba duk mai ruwa da tsaki ne ke son abin ya yiwu ba. Dillalin da ke cin riba saboda baƙo bai san hanyar zaure ba, kasuwarku asara ce gare shi, zai zo taro ya fi kowa magana. Babban mai shago zai so a tsawwala kuɗin rumfa don ƙananan su kasa. Wanda bai san wannan ba sai ya ɗauka duk wanda ya ɗaga hannu ra'ayi yake bayarwa, alhali wani kariyar tuwonsa yake yi.

Akwai kuma waɗanda ba sa sayar da komai amma in ba su yarda ba ko tabarma ba za ku shimfiɗa ba: ƙaramar hukumar da filin ke cikinta, masu karɓar haraji, jami'an tsaro, hakimi da mai unguwa. Sunan Sakkwato ba kamar na sauran garuruwa ba ne, nauyin addini ne a kansa tun da Muhammadu Bello ya kafa birnin a 1809. Idan kuka sa sunan Shehu ko na Daula a allo, sannan aka ji kiɗa na tashi ana cakuɗa maza da mata har bayan magariba, ranar Juma'a za ku ji kanku a huɗuba. Gara ku kai gaisuwa inda ya dace tun yanzu, ku ji iyakar da za a gindaya muku, ko kuma ku zaɓi sunan da bai ɗauko wannan nauyi ba.

Abu na ƙarshe da zan ce, baƙo ba ya tuna tambari, yana tuna ko ya sami wurin ajiye mota, ko an yi masa tsada don an ga baƙo ne, ko kwata na wari kusa da mai kilishi. Duk wanda ya ga abin da gobara ta yi wa Babbar Kasuwa a Janairun 2021 ba zai kafa rumfunan tamfol ya ja waya barkatai ba tare da tanadin kashe wuta ba. Ku duba Argungu: bikin kamun kifinta ya samo asali tun 1934, UNESCO ta sa shi cikin jerinta a 2016, amma duk da wannan suna sai da ya yi kusan shekara goma ba a yi shi ba kafin a dawo da shi a 2020. Kasuwar da aka ce duk wata, idan ta tsallake wata biyu, mutane sun cire ta daga lissafi. Ku fara da rumfa goma sha biyar da za ku iya riƙewa shekara guda ba fashi, ya fi ɗari da za su watse bayan buɗewa.

Malamin Dundaye ya ƙara da cewa:

Baba Sakatare ya gyara mini inda na yi sako-sako, na kuma karɓa. Wuri ɗaya kawai nake da ja. Idan aka fara da kai gaisuwa ofisoshi kafin masu sana'a su daidaita bakinsu, akwai haɗarin wani babba ya karɓe abin ya mai da shi bikin yanke kyalle, a sa hotonsa a allo, masu aikin su koma 'yan kallo. Ina ganin zaure da cikin gida su ne farko, a fito da takarda guda mai ɗauke da abin da aka amince, sannan a tafi da ita wurin hukuma tare da wakilan dukawa da na mata, ba matasa kaɗai ba.

Ɗan Rijiyar Ɗorawa ya dawo:

Na gode ƙwarai, iyayena, Allah ya saka da alheri. Mama, na karɓi maganar akuya, har ƙanwata na nuna wa ta yi ta dariya. Jiya bayan la'asar kawuna ya raka ni zauren, ban ɗauki komai ba sai goro. Mun fi awa guda ana maganar tsadar fata da yadda ake kwashe mai kyau a wuce da ita, ban ambaci kasuwa ba sai da dattijon da kansa ya tambaye ni ina zancenmu ya kwana. Daga nan ya sa jikansa ya ɗauko wani tsohon gwangwani, ya fito da ɗan ƙarfe da bai fi tsawon yatsa ba, bakinsa da zane kamar tauraro mai ƙafa shida, ya ce na mahaifinsa ne, da shi yake yi wa aikinsa alama a cikin murfin jaka. Ya danna mini shi a wani guntun fata ya ba ni. Ya ce kusan kowane gida da nasa, wasu sun ɓata, wasu an daina amfani da su tun da masu sari suka ce ba sa son alamar kowa a jikin kaya.

Ya amince zai kira sauran ranar Alhamis mai zuwa, da sharaɗin majema su zo, kuma kada a ɗauki hoto. Mama, idan za ki taimaka da sunayen shiyoyin da kike da mata amintattu, zan turo ƙanwata ta same ki. Baba Sakatare, saura tambaya ɗaya da dattijon ya yi mini na kasa amsawa: idan an ƙera hatimin bai ɗaya, aka kama wani ya danna shi a kan roba, wa zai hukunta shi, kuma da wane iko?